Zoben titaniyam: a tambayi yatsa kafin a tambayi kuɗi



Tun da kaka ta shigo, kuɗin wake da riɗi suka fara shiga aljihu, samarinmu sun samu sabon yayi: zoben titaniyam. Wani baƙi wuluk, wani ruwan toka, wani da zanen shuɗi. Ana kawo su daga Maraɗi da Kano, wasu kuma a WhatsApp suke ganin hoto su tura kuɗi. Ni dai ra'ayina, ƙarfen ba shi da laifi, amma yadda muke sayensa ido rufe akwai gyara.

Abin da ya sa na ɗauko maganar, ƙanena ne. Bara da bazara ya sayi irin wannan zobe jika uku, ya ɗan matse shi, mai kaya ya ce zai saki. Ana kwana biyu kunama ta harbe shi a hannu wajen gyaran rumbu, yatsa ya kumbura, zobe ya ƙi fita. Mun kai shi wurin maƙeri, zarto ya yi ta zamewa. Sai da aka yi ta fama da zare da sabulu da ruwan sanyi, hannu a ɗage sama, kafin Allah ya sa ya fito, fata duk ta saɓule. Da azurfa ce, wallahi minti biyu an datse ta.

A ba kowa haƙƙinsa, titaniyam ƙarfe ne na gaske. A Ingila aka gano shi a 1791, yau da shi ake ƙera sassan jirgin sama, kuma likitoci na ɗaure karyayyen ƙashi da shi saboda jiki ba ya ƙin sa. Ba ya tsatsa, gumi ba ya cin sa, ba ya barin koren tabo a yatsa irin na tagulla. To amma wannan taurin da ake yabo, shi ne matsalarsa. Azurfa tana narkewa a zafin digiri 962, shi kuwa sai 1,668. Zugazugin maƙeranmu ba ya kai nan. Ke nan in ya matse ba a buɗa shi, in ya yi yawa ba a rage shi, in ka gaji da shi ba mai narka shi ya ƙera maka wani. Ranar da ka matsu, zoben azurfa ka ɗora shi a sikeli a ba ka wani abu. Wannan fa? Sai dai ka ba yara.

Abu na biyu, da yawa cikin abin da ake sayar mana ba titaniyam ba ne. In ka ga an rubuta "acier titane" a leda, ƙarfe ne marar tsatsa irin na cokali, aka yi masa suna mai daɗi. Kada ka dogara da maganaɗisu, don shi ma irin wannan ƙarfen sau da yawa ba ya kamawa. Nauyi ne ke tona asiri. Zobe uku masu girma ɗaya, in na azurfa ya yi giram 10 da rabi, na ƙarfe zai yi kusan 8, na titaniyam 4 da rabi kacal. In ka ɗauka ka ji shi da nauyi a tafin hannu, to malam, ajiye musu kayansu. Baƙin launin nan kuma shafe ne a sama, yau da gobe yana goguwa.

Na uku, maganar addini. Kowa ya san zinariya haramun ce ga namiji, kuma zoben Manzon Allah (SAW) na azurfa ne. A Risala, littafin da ake karantawa a zaurukanmu, an ambaci hani ga sanya zoben baƙin ƙarfe, malaman Malikiyya kuma sun iyakance na azurfa ga nauyin dirhami biyu, wajen giram 6. Ni ba malami ba ne, fatawa ba tawa ba ce. Amma wanda zai tsaya sallah sau biyar da abu a hannunsa, ya kyautu ya tambayi malaminsa kafin ya biya, ba bayan ya biya ba.

In duk da haka ranka ya biya, ga shawara. Kada ka saya daga hoto, je ka sa a yatsanka. Gwada shi da rana ko da la'asar, lokacin da hannu ya cika, ba da sanyin safiyar hunturu ba. Ya wuce gaɓa da ɗan turawa, ya fito ba tare da sabulu ba. Zaɓi siriri mai santsi a ciki, don mai faɗi ya fi matsewa. Ku yi magana da mai kaya gaban shaida cewa in bai yi ba za ka maido. Masu injin niƙa, bakanikai, masu jan guga da masu ɗaure kaya a amalanke, ku cire zobe kowane iri ne kafin aiki. In ya maƙale a bel ko igiya, zoben ba zai karye ba, yatsan ne zai tafi. Kuma da zarar wani abu ya cije ka ko ka bugu a hannu, fara cire zobe kafin kumburi, sannan a nufi likita.

Ni kam, tsakani da Allah, azurfar maƙerin garinmu ta fi mini. Zai auna yatsana, ya ƙera, in na yi ƙiba ya buɗa, kuma kuɗina ya tsaya a gida ya ciyar da iyalinsa.

Ku fa ƴan uwa, akwai wanda zobe ya taɓa maƙale masa? Ku faɗa mana yadda aka yi, wani ya ƙaru. Allah ya sa mu dace.