Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya: Zabo, Talotalo Da Tukunyar Kirsimeti

Mafi yawanmu mazauna zangunan Gana Musulmi ne, Kirsimeti kuwa ba sallarmu ba ce. Amma duk wanda ya ce ba ruwanmu da ita, bai lura da inda tuwonsa yake fitowa ba. Daga Nima da Mamobi da Sabon Zango a Akra, har Aboabo da Asawase a Kumasi, su wa ke riƙe da fawa? Su wa ke cinikin shanu da awaki a kasuwar Tulaku ta Ashaiman? Su wa ke tsaye bakin tukuba har tsakar dare suna juya tsiren da maƙwabtanmu ke kira cicinga? Watan Disamba kakarmu ce ta ciniki. Ban da haka, a cikinmu akwai Kiristoci masu jin Hausa da muke zaune gida ɗaya da su, muna ɗiban ruwa a famfo ɗaya, muna shanya a igiya ɗaya. Saboda haka muna da ta cewa a kan abin da za a ɗora bisa wuta ranar 25 ga wata.

Abin da ya sa muka ɗauko zancen shi ne wani sabon yayi da yake shigowa a hankali. Manyan kantunan birni sun fara jera ƙanƙararrun talotalo tun farkon wata, hotunan Facebook da finafinan Amurka kuma suna nuna wa matasan ma'aurata cewa bikin bai cika ba sai an ajiye ƙaton tsuntsu gasasshe a tsakiyar teburi. Talotalo halal ne, namansa kuma ba shi da aibu. Ra'ayinmu dai shi ne bai dace da murhunmu ba, bai dace da aljihunmu ba, bai dace da wutar lantarkinmu ba, kuma muna da abin da ya fi shi.

Ya kamata a san cewa ko a can inda aka aro al'adar, ba daɗaɗɗiya ba ce. Asalin talotalo tsuntsun nahiyar Amurka ne. Mutanen ƙasar da a yau ake kira Meksiko ne suka fara kiwonsa, bai isa Turai ba sai cikin ƙarni na 16. Shekaru aru-aru bayan haka, talakan Ingila da dinya yake bikinsa, mai hali kuma da naman sa. Ko a littafin Charles Dickens na 1843 mai ba da labarin marowacin nan Scrooge, dinya ce iyalin matalaucin magatakarda suke ci, talotalo kuwa kyautar mai kuɗi ce da ta zo daga baya. Sai cikin ƙarni na 20, bayan firji ya yawaita kuma aka soma kiwon tsuntsun dubu-dubu, ya zama abincin kowa. Wani abin dariya ma shi ne sunan da Turawan Ingila suke kiran talotalo da shi, wato sunan ƙasar Turkiyya, zabonmu na Afirka suka fara laƙaba wa, domin sun ɗauka ta hannun fataken can yake zuwa musu. Da baƙon Amurka ya iso, sai suka rikita su, baƙo ya tafi da sunan.

A nan Gana kuwa, a tambayi kowane dattijo ɗan Asante ko Fante yadda Bronya take a yarintarsa. Zai ce ranar ce ake yanka kaza, a dafa shinkafa, a yi fufu da romon akuya mai barkono, yara su sa sabbin kaya su sha lemon kwalba. Babu talotalo a cikin labarin. Kayan aro kuwa ba ya rufe katara.

Mu duba aikin da ke cikinsa. Talotalon biki yakan kai kilo 5 zuwa 7, ko fiye. Ba ya gasuwa sai a babban murhun gashi mai ƙofa, alhali gidajen haya na zango murhun gawayi suka sani, sai ɗan gas mai kai ɗaya ko biyu. Idan ƙanƙararre ne, ƙa'idar narkar da shi ita ce a bar shi cikin firji, kwana guda ga kowane kilo biyu, wato tsuntsu mai kilo 6 yana bukatar kwana uku firjin bai huta ba. Wanda ya ga shekarun dumsor, musamman 2015, ya san wutar ƙasar nan ba abin da za a ɗaura wa alkawarin kwana uku ba ce. Mai gaggawa sai ya jefa shi cikin baho a tsakar gida, bayansa ya ɗumama ƙwayoyin cuta su hayayyafa, cikinsa kuma yana nan dutse. In an kai ga gashi sai wata matsalar ta taso: ƙirji yana riga cinya nuna, kafin zafin tsakiyar cinyar ya kai digiri 74 da ake bukata, ƙirjin ya bushe ya zama kamar audugar katifa. Kuma ba wanda zai iya gaya maka sau nawa tsuntsun ya narke ya sake daskarewa tsakanin tashar jiragen ruwa ta Tema da firjin mai kanti.

Mun ma riga mun san talotalo ta wata fuskar. Cofi, wato gindin talotalo da ake soyawa a ci da doya, wanda Nsawam ta yi suna a kansa, ragowa ce da masu kiwon ƙetare suka rasa mai saye a gida suka turo mana. Hukuma ta hana shigo da shi tun 1999 saboda yawan kitsensa, amma har gobe yana bakin titi. Su ci ƙirji, mu ci gindi, yanzu kuma a sayar mana da tsuntsun dungurungum da tsada.

Zabo shi ne amsarmu ta farko. Tsuntsun ƙasar nan ne, ba baƙo ba. A ƙauyukan Bolgatanga da Bawku da Tamale da Wa da wuya ka shiga gidan manomi ba ka ji kukansa ba. Zabuwa da damina take ƙwai, a ɗora wa kaza ta ƙyanƙyashe, kafin hunturu ya kankama 'ya'yan sun isa yanka, kamar dai don wannan watan aka shirya su. Nauyinsa kilo ɗaya ne zuwa ɗaya da rabi, ya shiga kowace tukunya, ya hau kowace waya ta gashi. Namansa ja ne mai ƙarfi, kitsensa kaɗan, ɗanɗanonsa kuma na abin da ya yi kiwo a daji ya ci fara da tsaba. Mutanen kudu sun san darajarsa, akomfem suke ce masa, ba su tsayawa dogon ciniki in sun gan shi. Gidan da ke da baƙi goma sha biyu, zabi huɗu sun ishe shi, kowa ya samu ko cinya ko ƙirji, ba a yi rabon rigima ba. An taɓa yin babban shirin kiwon zabi a ƙarƙashin hukumar SADA, ya watse har ya koma abin barkwanci, ana cewa zabin sun tashi sun tafi Burkina Faso. Amma tsohuwar da ke kiwon talatin a bayan ɗakinta ba ta watse ba, kuma duk sidin da aka kashe a kan zabo hannunta yake komawa.

Sirrin dafa shi ɗaya ne: kada a kai shi wuta tsirara tun farko, domin rashin kitse yana sa ya yi tauri. A kwana da shi cikin citta da tafarnuwa da masoro da kanumfari da gishiri, a sulala shi da albasa a ruwa kaɗan har ya yi laushi, sannan a soya ko a gasa sama-sama a barbaɗa yajin ƙuli-ƙuli. Romon da ya rage shi za a zuba a dafa-duka.

Bayan zabo sai ɗan akuya, wanda gidaje uku ko huɗu za su iya haɗa kuɗi su yi watanda. Sai rago ga mai hali, sai kazar gida, sai kifin tafkin Volta ga wanda likita ya hana jan nama. Waɗannan ba su bukatar dogon bayani.

Inda muke da abin koyarwa na gaske shi ne dafa nama tun kafin ranar. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya, kuma kowace shekara Babbar Salla tana gwada mu a kan wannan. Rago guda, wani gidan har da sa, a yanka da hantsi, babu firji, amma ba a zubar da ko tsoka ɗaya. Kakanninmu da suka bi hanyar goro zuwa Salaga da jakuna, tafiyar watanni, da irin wannan ilimin suka yi guzuri. Dabarar duk ɗaya ce, ko da sunayenta sun bambanta: a raba nama da ruwansa, domin ƙwayar cuta ba ta hayayyafa inda babu danshi. Suya irin ta layya ita ce a tafasa nama da gishiri da kayan ƙamshi har ruwan ya ƙone, a soya shi a hankali har kumfar man ta kwanta, wadda ita ce alamar ruwan ya fita, a tsame a baza a faranti ya huce sarai kafin a rufe. Dambun nama ya fi wannan nisa: a dafa ya yi lugub, a daka a turmi, a soya da man gyaɗa ana juyawa har ya zama wara-wara. In ya soyu da kyau yana yin makonni a gwangwani mai murfi. Kilishi kuma a fere nama falle-falle, a shanya, a tsoma a labu, a sake shanyawa, a nuna wa wuta. Matan Ga da suke soya shito har ya yi baƙi ya daɗe a kwalba, wannan hikimar ce suke bi, ko da ba su taɓa ganin turmin dambu ba.

Sai dai ƙasa ta bambanta. Hunturun Tamale yana busar da kilishi a yini guda, iskar Akra da Takoradi kuwa ɗauke take da raɓar teku. Mai yin kilishi a bakin ruwa dole ya ƙarasa shi a kan garwashi, in ba haka ba ya wayi gari ya tarar da fumfuna. Kuma tun da mun soki cofi saboda kitse, adalci ne mu ce kakide ma ba maganin hawan jini ba ne. A tsane mai, a ci da ƙima.

Naman romo da na miya suna da tasu ƙa'idar. Ƙafar sa da wuyan akuya da haƙarƙari sun fi daɗi in sun kwana, domin jijiyarsu tana narkewa ta kama romo, yaji kuma ya ratsa tsoka. Amma a nan haɗarin yake. Babbar tukunyar da aka sauke da dare aka rufe, tsakiyarta tana ɗaukar sa'o'i kafin ta huce, kuma tsakanin digiri 5 da 60 ne ƙwayoyin cuta suke ninkuwa. Ƙa'idar masana lafiyar abinci ita ce kada dafaffen nama ya wuce sa'a biyu a waje, in zafin gari ya haura digiri 32 ma sa'a guda. A rarraba shi a ƙananan mazubai marasa zurfi a sa a firji, a cinye cikin kwana uku ko huɗu. Wanda ba shi da firji, ya tsaya a kan suya da dambu, romo kuma ya bari sai safiyar ranar. Ɗumame al'adarmu ce mai kyau in an tafasa sosai ba a sake tsoma ludayi ba, amma ba ya gyara abin da ya riga ya lalace. Shinkafa ta fi kowa yaudara: akwai dafin da ƙwayar cuta ke bari a cikinta in ta kwana a waje, wanda tafasa ba ta kashe shi. Nama a yi shi tun da wuri, shinkafa a yi ta ranar.

Akwai kuma wadda ba a cika tunawa da ita ba, wato matar gida. Da Salla da Kirsimeti duk ɗaya ne a wurinta: maza su tafi idi ko coci cikin sabbin kaya, ita tana durƙushe gaban hayaƙi tun asuba. In an soya zabi ranar 23, an yi dambu da yaji da markaɗe ranar 24, abin da ya rage mata ranar biki bai wuce tukunyar shinkafa da ɗumama nama ba. Ita ma ta yi wanka ta zauna cikin baƙi.

Zaman tare ma yana da kaso a wannan zance. Da yawa daga maƙwabtanmu Kiristoci sukan kawo kazarsu ko akuyarsu ga malamin unguwa ko mahauci ya yanka, ba don addininsu ya wajabta ba, sai don kwanon da za su aiko mana ya ciwu ba tare da ɗar-ɗar ba, kamar yadda mu ma muke aika musu naman layya. Wannan ladabi ne babba, irin wanda ya sa ƙasar nan ta yi alfahari ranar da Babban Limamin ƙasa, Shehu Usman Nuhu Sharubutu, ya ziyarci cocin Christ the King a Akra a 2019, yana da shekara ɗari. Talotalon da ya fito daga kwali ba wanda ya ga yankansa. Za a kawo shi da zuciya ɗaya, a karɓa da godiya, sannan a rasa yadda za a yi da shi. Zabon da aka yanka a ƙofar gida ba ya jawo wannan kunyar.

Saura mahautanmu da mata masu sana'ar dambu. Kantin da ke sayar da talotalo ya fi ku ne da abu uku: sikeli na gaskiya, mazubi mai tsabta, da farashi a rubuce. Ba ɗaya daga ciki da ya fi ƙarfinku. Ku fara karɓar oda tun makon farko na Disamba, kafin kuɗin mota daga Bolgatanga ya tashi. Ku rubuta ranar da aka soya a jikin kowane gwangwani, ku gaya wa mai saye kwana nawa zai yi. Wanda ya nemi zabo gyararre, a ba shi tare da ƙullin yajinsa, a kuma faɗa masa ya sulala kafin ya gasa.