Shin na'urar wasannin bidiyo na buƙatar intanet a koyaushe?

A watan Yunin 2013 ne kamfanin Microsoft na Amurka ya bayyana cewa sabuwar na'urarsa ta wasannin bidiyo, Xbox One, za ta riƙa tuntuɓarsa ta intanet aƙalla sau ɗaya cikin kowane sa'o'i 24. Idan wa'adin ya wuce, wasannin za su ƙi buɗewa, ko da kuwa mutum ya sayi faifan da kuɗinsa.

Kamfanin dai ya ce tsarin zai ba mutum damar raba wasanninsa da iyalinsa ba tare da faifai ba. To amma wasan da mutum yake yi shi kaɗai a ɗakinsa ba ya buƙatar intanet kafin ya yi aiki. Abin da tuntuɓar take tabbatarwa shi ne wane ne ke da izinin wasan, kuma ta nan ne za a iya taƙaita aro da cinikin faifai na hannu, wanda masu ƙera wasanni ba sa samun ko sisi a cikinsa.

Jama'a sun yi ca, musamman bayan da jami'in da ke kula da sashen, Don Mattrick, ya ce wanda ba shi da intanet sai ya tsaya ga tsohuwar Xbox 360. Abokin hamayya, Sony na Japan, ya yi amfani da damar: ya ce PlayStation 4 ba ta da wannan sharaɗi, ya kuma sa mata dala 399, ƙasa da ta Microsoft da dala 100. A ranar 19 ga Yuni Microsoft ya janye matakin.

Sai dai abin da aka kasa tilastawa a lokaci guda ya shigo sannu a hankali. A 2020 kamfanonin biyu sun fitar da na'urori marasa wurin sa faifai kwata-kwata. Wasu manyan wasanni kan ci fiye da gigabait 100 wajen saukewa, abin da ba ƙaramin nauyi ba ne ga mai gidan wasa a Kano ko Maraɗi da ke sayen data da awo, ga kuma matsalar wuta.

Babbar barazanar ta bayyana a ƙarshen Maris na 2024, lokacin da kamfanin Ubisoft na Faransa ya rufe kwamfutocin da wasan tseren motoci na The Crew ya dogara da su. Faifan da mutane suka saya ya zama ba shi da amfani. Wannan ne ya haifar da gangamin Stop Killing Games, wanda a 2025 ya tara sa hannun mutane fiye da miliyan ɗaya a Tarayyar Turai.

A jihar California ta Amurka kuwa, wata doka da ta fara aiki a 2025 ta wajabta wa masu sayarwa su fito fili su shaida wa mai saye idan izinin amfani kawai ya biya, wanda za a iya janyewa.