Randa Mai Famfo: Shawara Ga Magidantan Garagumsa

Duk wanda ya san ƙasar Damagaram ya san ruwa a wurinmu ba abin wasa ba ne, domin ƙarancinsa na daga cikin dalilan da suka sa Faransawa suka ɗauke mazaunin mulkinsu daga Zinder suka mayar Yamai a 1926, kuma har wa yau, daga Takeita zuwa ƙauyukan Garagumsa, mace takan cinye hantsinta a bakin rijiya kafin ta cika jarka biyu. Abin da ke ba ni takaici shi ne, ruwan nan da aka sha wahalarsa sau da yawa yakan iso gida da tsarkinsa, sa'an nan mu da kanmu mu ɓata shi a cikin randa.

A dubi moɗa. Yaro ya dawo daga wasa, ya tsince ta a ƙasa inda kaji suka gama kiwo, ya zura hannu har gwiwa saboda ruwan ya yi ƙasa, ya sha, ya mayar da saura. Bayansa kuma baƙo ya zo a ɗebo masa da ita, don girmamawa. Malamanmu na fiƙihu sun karantar da mu cewa ruwan da launinsa da ɗanɗanonsa da ƙanshinsa ba su jirkita ba ya halatta a yi ɗahara da shi, wannan kuwa hukuncin ibada ne, ba shaidar likita ba, gama ƙwayar amai da gudawa, wadda ta addabi Maraɗi da Damagaram a 2021, ba ta canza ko ɗaya daga cikin ukun nan. Alhali kuwa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana wanda ya tashi daga barci ya tsoma hannu a ƙwarya kafin ya wanke shi, ya kuma yi umarni da rufe mazubai. Randa rufaffiya mai famfo a gindi, a ganina, ita ce mafi kusa da wannan ladabi.

Sai dai famfo suna ya tara, kuma a nan ne magidanci ke bukatar basira idan ya shiga kasuwa. Akwai na roba mai arha, wanda ba ya tsatsa kuma ba ya cutarwa, amma zafin bazara da murɗar yara sukan tsage shi. Akwai na tagulla da aka shafa wa farin ruwa yana ƙyalli, shi ne ya fi ruɗin ido, kuma shi na fi gargaɗi a kansa, domin irin wannan tagulla akan gauraya ta da darma, wadda guba ce ga ƙwaƙwalwar yara, kuma da zarar shafen ya ɓare, musamman in abin da ke cikin mazubin mai tsami ne kamar zoɓo ko ruwan tsamiya da muke cika kuloli da su a watan Ramalana, to, tsamin zai riƙa cin ƙarfen a hankali yana zuba shi a kofin mai buɗa baki. Na uku shi ne ƙarfen nan da ba ya tsatsa, wanda 'yan kasuwarmu ke kira inoks. Ya fi tsada, amma shi kaɗai nake ganin ya cancanci a ce an saya an huta. In aljihu bai kai ba, gara na roba da na tagulla.

A zaɓi wanda ake buɗewa da murɗa guda, wanda kuma za a iya kwance shi a wanke cikinsa, domin kunu da zoɓo suna barin danƙo a maƙogwaron famfo, kuma nan ƙudaje ke taruwa. A duba robar da ke matse shi da jikin mazubi, don daga nan yoyo yake farawa. A sa shi kamar yatsu huɗu sama da gindin randa, yadda laka za ta kwanta a ƙasa, a kuma ɗora randar bisa dakali.

Na san dattawa za su ce ruwan randa ya fi daɗi da moɗa, kuma huda randa kasada ce. Sanyin nan kuwa daga gumin da yumɓu ke yi yake zuwa, famfo ba ya rage shi da kome. Batun hudawa kuma, gaskiya ne gasasshiyar randa takan fashe, shi ya sa ya kamata a fitar da ƙofar tun yumɓu yana ɗanye.

Saboda haka nake roƙon maginan tukwane na Mirya, waɗanda aikinsu ya shahara a duk ƙasar nan, su riƙa kawo mana irin wannan randa kasuwa, ku kuma limamai da malaman makarantun allo, ku fara da randar ƙofar masallaci, inda hannu ɗari ke shiga a yini guda.