Yaron da ya yi shiru ba lallai ya haƙura ba

Ranar sunan ƙanwarsa, jikana ɗan shekara 3 ya kwanta a tsakar gida yana birgima, har ya yi wurgi da takalminsa cikin ƙullun waina. Mata suka yi masa caa. Wata ta ce sangarta ce, wata ta ce a kira masa dodo, kawunsa kuma ya daka masa tsawa: "Kai, namiji ba ya kuka!" Nan take ya haɗiye kukan, sai ajiyar zuciya. Aka ce ya yi hankali. Da daddare ya yi fitsarin kwance, abin da ya daɗe da bari.

Ni ban ga hankali a nan ba, tsoro na gani. Kwana bakwai ke nan wata baƙuwa ta gaje cinyar uwarsa, kowa ya shigo ita yake tambaya. Kishi ne ke cin sa, amma bai san sunan abin ba, balle ya faɗa.

Muna son yaro mai haƙuri, sai dai mun manta haƙuri koyon sa ake yi. Sashen gaban ƙwaƙwalwa, wanda ke taka wa mutum birki, ba ya gama nuna sai wajen shekara 25. To ina ga ɗan shekara 3? Natsuwarsa aro yake yi daga babba. A shekarun 1970, wani masani a Amurka, Edward Tronick, ya sa iyaye mata su daskarar da fuska a gaban jariransu na 'yan mintuna. Jariri ya yi murmushi, ya miƙa hannu, ya yi gwaranci. Da ya ga babu amsa sai ya kau da kai, ya rikice. Tun kafin baki ya buɗe, a fuskarmu suke karanta ko duniya lafiya.

Iyayenmu ba su ji labarin Tronick ba, amma sun san goyo da rarrashi.

Washegarin sunan na ja yaron jikina, na ce, "Maigidana, ranka ne ya ɓaci don Umma ta ɗauki jaririya ta bar ka ko?" Ya gyaɗa kai, ya fashe da kukan da aka hana shi jiya. Bayan kwana biyu da bakinsa ya zo ya ce mini, "Kaka, na yi fushi." Bai jefi kowa da komai ba.

Na san za a ce shagwaɓa nake koya masa. Ban ce a zuba masa ido ya mintsini jaririya ba. A riƙe hannun, a ce masa ba a yi. Amma fushin kansa ba laifi ba ne, mu ma da furfurarmu muna yi.

Iyaye, musamman ku maza, in yaro ya sa kuka, kafin ku nemi bulala ku durƙusa daidai tsayinsa ku tambaye shi abin da ya same shi.