Daga Yauri zuwa Lokoja: A ina matafiyin ruwa zai kwana?

A ce wani ɗan kasuwar hatsi daga Ruwan Godiya a ƙaramar hukumar Faskari ya sayar da masararsa, ya ga da ɗan rara a aljihu, sai ya ƙudurta zai ɗauki iyalinsa su yi mako guda suna shaƙatawa a kan ruwa, irin yadda yake gani a bidiyon ƙasashen waje a wayarsa. Garin nasa dai da ruwa a suna, amma babu kogin da zai ɗauki jirgi. Dam ɗin Mairuwa da ke kusa, kwalekwale zai zagaye shi kafin shayi ya huce. Gulbin Sakkwato da ya samo asali a wajajen Funtua kuwa, da rani yashi ne ya fi yawa a cikinsa. Dole ya nufi Yauri a jihar Kebbi, ya shiga Kogin Kwara.

Samun jirgi a Yauri ba wuya. Akwai matuƙa da suka gaji sana'ar tun kaka da kakanni, sun san kogin kamar yunwar cikinsu. Tambayar da za ta tsayar da tafiyar ita ce wadda uwargida za ta yi tun kafin a ɗaure kaya: idan rana ta faɗi, a ina za a kwana?

Hanyar kanta abin sha'awa ce. Daga Yauri a gangara cikin tafkin Kainji mai tsawon sama da kilomita 130, wanda ya samu bayan kammala madatsar ruwan a 1968, har ya haɗiye tsohon garin Bussa inda Bature mai yawon bincike Mungo Park ya halaka a 1806. Sai Sabuwar Bussa, sai Jebba, sai Patigi mai bikin tseren kwalekwale, sai Baro, a ƙare a Lokoja inda Kwara da Binuwai suka haɗu. Tafiyar kwanaki ce, kuma kowane yini da abin kallonsa: tsibirai, kasuwannin kifi, dorinar ruwa idan an yi sa'a.

Sai dai a mafi yawan garuruwan bakin kogin, abin da ake kira tasha gangare ne kawai na laka ko yashi inda ake tura hancin jirgi a ɗaure shi da turke. Babu dakalin sauka, babu fitila, babu makewayi, man inji kuma sai a jarka wurin 'yan bumburutu. Tsoho ko mai juna biyu sai an tallafe su sun taka cikin ruwa kafin su kai tudu. Ga kuma madatsun Kainji da Jebba a tsakiyar hanya. An gina su da ƙofofin ratsewar jirage, amma ba abu ne da mai ƙaramin jirgi zai iso kawai ya tarar ana buɗe masa ba.

Abin mamaki, Bahaushe ya daɗe da warware irin wannan matsala a kan tudu. Fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro suna shafe watanni a hanya, amma madugu ba ya tayar da ayari sai ya san zangon da za a sauka. Jagaba yana gaba, an san inda rijiya take, an san sarkin da za a kai wa gaisuwa, an san mai masauki. Tsawon tafiyar yini zango ne ke yanke shi. Wasu zangunan ma sun girma har suka zama unguwanni, shi ya sa har yau ake jin Zango a Kumasi da Accra. Jikokin waɗannan fatake ne ke hawa ruwa yanzu ba tare da sanin inda dare zai riske su ba.

Ƙasashen da ke cin kuɗin yawon buɗe ido a kan kogi, wannan lissafin na madugu suka yi. A Masar, jiragen da ke ɗaukar baƙi tsakanin Luxor da Aswan a Kogin Nilu suna kwana uku ko huɗu a tafiyar da ba ta wuce kilomita 200 da 'yan kai ba. Suna tsayawa a Edfu da Kom Ombo, suna ratsa ƙofar madatsa a Esna, kuma tun kafin baƙo ya biya kuɗi an faɗa masa inda zai kwana kowane dare. Ko a Mali, lokacin da ake zaman lafiya, manyan jirage kan tashi daga Kulikoro idan ruwa ya cika, su bi ta Segu da Mopti har Gao, da tashoshinsu sanannu.

Najeriya kuma da babba ta fara. A 2009 marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'adua ya ƙaddamar da aikin yashe kogin daga Warri zuwa Baro, kilomita 572. A Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe tashar jiragen ruwa ta Baro da aka kashe wa biliyoyin naira. Shekaru sun shuɗe tashar na zaman jiran jirage, hanyar motar da za ta kai mutum can ma ta zama abin kuka. Da wani kaso na kuɗin ya tafi ga ƙananan tashoshi goma ko ashirin a garuruwan da dama can mutane ke hawa da sauka kullum, da an ga amfaninsa tun a makon farko.

Za a ce wannan maganar masu ƙoshi ce. Mutumin Faskari da 'yan bindiga suka hana shi noma gonarsa ta nesa, ina shi ina yawon shaƙatawa a jirgi? Kuma dajin da ke kewaye da tafkin Kainji shi ma ba a shiga yanzu gaba gaɗi. Gaskiya ne, babu baƙon da zai biya kuɗi ya kwana inda ake satar mutane, kuma babu dakalin siminti da zai magance wannan.

Amma tashar da mai yawon shaƙatawa ke nema ita ce dai wadda 'yar kasuwar Malale ko mai zuwa cin kasuwar Wara ke buƙata, kuma su rayukansu ne a kai. A watan Mayun 2021 jirgin da ya taso daga jihar Neja zuwa Wara a ƙaramar hukumar Ngaski ya nitse da mutane fiye da ɗari. A Yunin 2023 sama da mutum 100 suka rasu a yankin Patigi suna dawowa daga biki cikin dare. A farkon Oktoban 2024 masu tafiyar Mauludi suka nitse a kusa da Gbajibo ta ƙaramar hukumar Mokwa, shi ma da dare. Bayan kowane hatsari sai a ji jawabi iri ɗaya: lodi ya yi yawa, ba a sa rigar ruwa ba, an karya dokar hana tafiyar dare.

Dokar tana nan, kuma hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, wadda aka kafa a 1997 mai hedikwata a Lokoja, tana yawan nanata ta. To amma wanda aka hana tafiyar dare, an ba shi wurin kwana? Matuƙin da magariba ta riska da mata da yara hamsin a gangaren da babu rumfa, babu haske, sai sauro, zai tayar da inji ne ya ce Allah ya kiyaye, alhali kututturan itatuwan da tafkin ya shanye suna nan a ƙarƙashin ruwa ba a ganinsu. Haka kuma ba a iya ƙirga fasinja ko tilasta sanya rigar ruwa a wurin da kowa ke shiga jirgi ta inda ya ga dama. Sai da ƙofa ɗaya ake iya tsayar da mutum a ce masa jirgi ya cika.

Abin da ake buƙata bai kai tashar Baro tsada ba: dakali mai shawagi da zai riƙa tashi da sauka tare da ruwa, fitilar sola, rumfar kwana ta maza da ta mata, makewayi, wurin sallah, wurin sayar da mai, da littafin rubuta sunan duk jirgin da ya tashi da adadin mutanen cikinsa. A jera su a tazarar da jirgi mai ƙaramin inji zai iya ci tsakanin hantsi da la'asar. Kula da su kuma a damƙa wa sarakunan ruwa da ƙungiyoyin matuƙa ƙarƙashin masarautun Yauri, Borgu da Patigi, domin su ne ke bakin ruwan dare da rana, ma'aikacin da aka turo daga birni kuwa ƙarfe huɗu ya tashi. Gwamnatocin Kebbi, Neja, Kwara da Kogi su haɗu da NIWA su fitar da taswira guda mai nuna kowace tasha da lambar wayar mai kula da ita, yadda ɗan kasuwar Ruwan Godiya zai buɗe wayarsa ya nuna wa uwargida: ranar farko Wara, ta biyu Sabuwar Bussa.