SHARHI: Daga jirgin Yokohama zuwa sanƙarau na Jega, wa ake ƙirgawa idan annoba ta shigo?

A ranar 20 ga Janairun 2020 wani katafaren jirgin ruwan yawon shaƙatawa mai suna Diamond Princess ya tashi daga tashar Yokohama ta ƙasar Japan. Irin jiragen nan ne da masu hali ke biyan kuɗi su yi mako biyu a ciki suna ci suna sha suna kallon teku, tamkar otal aka ɗora a kan ruwa. Kwana biyar da tashinsa wani dattijo ɗan shekara 80 ya sauka a Hong Kong, kuma ranar 1 ga Fabrairu gwaji ya nuna yana ɗauke da korona. Da jirgin ya dawo Yokohama, hukumomi suka hana kowa sauka. Mutum 3,711 ne a ciki: fasinjoji 2,666, ma'aikata 1,045. Waɗanda suka kamu sun kai 712, fiye da goma suka rasu.

Mai karatu zai lura babu “kimanin” a yawancin waɗannan alƙaluma. Kowane mutum a jirgin yana da suna a takarda da lambar ɗaki, kuma kusan kowa an gwada shi. Shi ya sa har yau masana ke komawa ga wannan jirgi idan suna son sanin yadda cuta ke tafiya a cikin jama'ar da aka rufe wuri ɗaya.

Shekara biyar bayan haka, a watan Maris na 2025, kwamishinan lafiya na Jihar Kebbi ya tara ’yan jarida a Birnin Kebbi ya sanar da ɓarkewar cutar sanƙarau. Mutum 26 sun rasu: 15 a Gwandu, 6 a Jega, 4 a Aliero, 1 a Argungu. Waɗanda ake zargin sun kamu 248 ne. Samfurin da aka ɗauka aka aika babban ɗakin gwaje-gwaje na ƙasa da ke Abuja zuwa wannan rana kuwa guda 11 ne, kuma sakamakon tara daga ciki bai dawo ba. Gwamnatin jiha ta ce ta fitar da Naira miliyan 30 don sayen magunguna, an kuma buɗe wuraren killace majinyata a Gwandu da Jega da Aliero. A cikin makonnin nan ne aka tabbatar da rasuwar wasu ɗaliban jami'ar kimiyya da fasaha ta jihar da ke Aliero.

Goma sha ɗaya cikin 248. Wato a duk marasa lafiya ashirin da biyu, mutum ɗaya ne aka nemi sanin ainihin abin da ke jikinsa.

Za a iya cewa kwatancin bai yi adalci ba, kuma akwai gaskiya a ciki. Japan ƙasa ce mai arziki, idon duniya kuma yana kan jirgin a lokacin. Korona bairos ce, shi kuwa sanƙarau mai annoba a wannan yanki bakteriya ce ke kawo shi, kuma yana da magani idan an zo da wuri. Amma hanyar tafiyarsu ɗaya ce: numfashi, tari, atishawa, da kwana kusa da juna. Inda cuta ta fi samun gindin zama a Diamond Princess bayan an killace fasinjoji a ɗakunansu shi ne tsakanin ma'aikata, waɗanda suka ci gaba da dafa abinci da kai shi ƙofa-ƙofa, sannan su koma ɗakunan da suke kwana tare, su ci abinci wuri ɗaya. Wani ƙwararren likitan cututtuka masu yaɗuwa na Jami'ar Kobe, Kentaro Iwata, ya shiga jirgin ranar 18 ga Fabrairu, ya fito ya shaida wa duniya cewa ba a ma raba inda cuta take da inda babu ita ba. Ke nan ko masu arzikin sun yi kuskure, sai dai nasu kuskuren an rubuta shi dalla-dalla.

Wanda ya san ɗakunan kwanan ɗalibai a manyan makarantun Arewa, ko zauren da almajirai ke kwana a tsangaya, ko shagon da ’yan cirani biyar ke shimfiɗa tabarma bayan an tashi kasuwa, ba ya bukatar a kai shi teku kafin ya gane wannan hoto. Jiragen ruwa ne su ma, a kan tudu. Bambancinsu da na Yokohama shi ne ba wanda ke tsare ƙofa. Jega mahaɗar hanyoyi ce: mai zuwa Sakkwato ta Tambuwal, mai zuwa Birnin Kebbi, mai gangarawa kudu ta Maiyama da Koko zuwa Yawuri, duk ta nan suke bi. Motocin albasar Aliero suna kaiwa har kudancin ƙasar nan. Ƙwayar sanƙarau kuwa tana iya zama a maƙogwaron mutum lafiyayye bai sani ba, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta kiyasta cewa kusan mutum ɗaya cikin goma na ɗauke da ita a haka. Daga kamuwa zuwa bayyanar alamu akan ɗauki kwana biyu zuwa goma. Ɗalibin da ya bar Aliero ranar Alhamis da ƙoshin lafiya yana iya kwantawa ranar Litinin a wani ƙauyen Maiyama, inda ba wanda zai haɗa zazzaɓinsa da ɗakin da ya baro.

Me ya sa gwajin yake da muhimmanci haka?

Likita ba ya jiran sakamako daga Abuja kafin ya fara yi wa yaro allurar ceftriaxone, kuma bai kamata ya jira ba, domin cutar na iya kashewa cikin yini ɗaya. Idan ba a yi magani ba, rabin waɗanda suka kamu na iya mutuwa. Idan an yi, adadin kan sauko zuwa kusan ɗaya cikin goma. Amfanin gwajin na sauran gari ne, waɗanda ba su kamu ba tukuna.

Ga yadda abin yake aiki. Ƙwayar da ke kawo annobar sanƙarau rukuni-rukuni ce, waɗanda suka fi addabar Afirka su ne A da C da W da X da Y, kuma rigakafin wani rukuni ba ya kare mutum daga wani. Akwai rumbun rigakafi na gaggawa na duniya, wanda aka kafa kwamitin kula da shi a 1997 bayan babbar annobar 1996, wadda a Najeriya kaɗai ta kama mutum fiye da 100,000 ta kashe fiye da 11,000. Kwamitin ba ya sakin rigakafi don an ce mutane na mutuwa. Yana neman hujja iri biyu: alƙaluman mako-mako da ke nuna yanki ya haye mizanin annoba, wato mutum 10 cikin 100,000 a mako ɗaya, da sakamakon gwaji da ke nuna wane rukuni ne. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a yi rigakafin cikin mako huɗu da haye wannan mizani, domin bayan haka amfaninsa raguwa yake yi da sauri. Duk ranar da samfuri ya kwana a hanya, ko ba a ɗauke shi ba sam, an zaftare ta ne daga cikin waɗannan makonni huɗu.

Ɗaukar samfurin kuwa ba kamar tsaga yatsa don gwajin maleriya ba ne. Sai an soka allura a gadon baya an ɗebo ruwan da ke kewaye da laka, aikin da ke bukatar ƙwararren hannu da kayan aiki masu tsabta, da kwalba ta musamman da za ta riƙe ƙwayar da rai har ta isa ɗakin gwaji. Iyaye da yawa suna tsoron allurar. Wasu marasa lafiyar ma ba sa kaiwa asibiti: a fara da mai kemis, a gwada na gargajiya, idan rai ya yi halinsa a yi jana'iza kafin la'asar. Irin waɗannan ba sa cikin 248, ba sa cikin 26.

A farkon Afrilun 2025 Najeriya ta karɓi allurai fiye da miliyan ɗaya na rigakafin Men5CV daga wancan rumbu, wanda ƙawancen Gavi ke ɗaukar nauyinsa, aka ce za a fara da Kebbi da Sakkwato, ga ’yan shekara 1 zuwa 29. A lokacin alƙaluman ƙasa sun haura mutum 800 da ake zargi da fiye da 70 da suka rasu, kuma ba a jima ba hukumar NCDC ta ce mamatan sun kai 151. Rigakafin ya ceci rayuka, babu shakka. Amma annobar sanƙarau takan kai ganiyarta ne a Maris da Afrilu, ta lafa da saukar ruwan sama. Allurar da ta iso a Afrilu ta tarar an riga an yi zaman makoki a gidaje da dama.

Abin da ya fi ciwo shi ne cutar ba baƙuwa ba ce a wannan yanki. Kebbi tana tsakiyar zirin sanƙarau na Afirka, ƙasashe 26 daga Senegal zuwa Habasha. Bayan rigakafin MenAfriVac, wanda aka fara a Najeriya a 2011, ya karya lagon rukunin A, sai wani sabon nau'in rukunin C ya ɓulla a Jihar Sakkwato a 2013, ya shigo Kebbi a 2014, ya sake dawowa a 2015, inda Aliero da Jega suka kasance cikin wuraren da ya fi tsanani. A kakar 2016 zuwa 2017 ya tashi daga Zamfara ya kashe mutum fiye da 1,100 a ƙasar. Shekara goma ke nan tsakanin 2015 da 2025, ƙananan hukumomi iri ɗaya, watanni iri ɗaya. Kuma a Maris na 2024 Najeriya ce ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta fara amfani da Men5CV, mai kariya daga rukunan nan biyar baki ɗaya. An yi ta murna a kafafen labarai. Shekara guda bayan haka, matashin Jega bai samu tasa ba sai da gawarwaki suka kai adadin da ake bukata.

Su jiragen shaƙatawa ba tausayi ne ya sa suke ƙirga mutanensu ba, doka ce da kuɗi. A Amurka, hukumar CDC tana da shirin duba tsabtar waɗannan jirage tun shekarun 1970. Jirgin da ke tahowa daga waje dole ya aika rahoton yawan masu amai da gudawa kafin ya iso tasha, ko da ba wanda ya kamu, sai ya rubuta sifili. Idan masu ciwon suka kai kashi 3 cikin 100 na fasinjoji ko na ma'aikata, akan wallafa sunan jirgin da kamfaninsa kowa ya gani. Yawanci norobairos ce, wadda ba ta cika kisa ba. Duk da haka kamfani na rawar jiki, domin jirgin da aka sani da gudawa ba ya samun fasinja.

Ba sai an je Amurka ba ma. Maniyyacin da ya fito daga Jega ko Maiyama ba ya hawa jirgin Hajji sai an yi masa rigakafin sanƙarau an rubuta a kati, domin Saudiyya ta wajabta tun bayan ɓarkewar 1987, ta kuma ƙara tsaurarawa bayan ta 2000 da 2001. A 1996 hana alhazan Najeriya shiga ta yi gaba ɗaya. Kowace shekara hukumomin alhazai suna da jerin sunaye, suna da allura, suna da ranar yi, kuma ba a taɓa jin an ɗage ta sai an ga gawa ba. Ke nan gwamnati ta iya wannan aiki idan akwai wanda zai tare ta a ƙofa. Wa ke tare ta a ƙofar ɗakin kwanan ɗalibai?

A Maiyama, ƙungiyar likitocin agaji ta MSF ce ke tafiyar da sashen kwantar da yara masu tamowa a babban asibitin garin tun 2022, kuma ita ce ta shiga taimakawa wajen jinyar masu sanƙarau a Kebbi a 2025. Aikin alheri ne, sai dai baƙo ba ya tsayawa zaɓe, ba a kuma kiransa gaban majalisa. Waɗanda ake kira su ne gwamnatin jiha da ƙananan hukumomi, waɗanda Kotun Ƙoli ta yanke a ranar 11 ga Yulin 2024 cewa a riƙa ba su kuɗinsu kai tsaye. Kowace ƙaramar hukuma tana da jami'in sa ido kan cututtuka, wanda aikinsa shi ne tattara rahoton mako-mako daga asibitoci. Ko yana da babur da mai, ko asibitin Jega da na Aliero suna da kayan ɗaukar samfuri a ajiye kafin Janairu, ko akwai jerin waɗanda suka warke a 2025 amma suka rasa ji ko suka samu wata nakasa, alhali ɗaya cikin biyar na masu tsira kan fita da irin wannan tabo, duk tambayoyi ne da ke da amsa a rubuce a wani ofis, ko kuma rashin amsar ya zama labari.

’Yan majalisar dokokin jiha masu wakiltar Jega da Aliero da Maiyama suna da ikon yi wa ma'aikatar lafiya waɗannan tambayoyi a zaman kare kasafin kuɗi. Zaman yakan zo ne a ƙarshen shekara, daidai lokacin da iskar hunturu ke fara busar da maƙogwaro.