Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ministan Harkokin Waje

Ranka ya daɗe,

Ina rubuto maka daga Rogo, inda na daɗe ina koyar da Turanci, alli ya ci yatsuna, jan biro ya ƙare a kan littattafan almajiraina, domin in kai kukan wani al'amari da ya tsaya mini a rai.

Na nemi aikin koyarwa a wata makaranta ta ƙasar waje, aka yaba takarduna, aka kuma yaba lafazina ta waya, amma da aka ce in aiko hoto na aika, sai maganar ta mutu. Wannan ƙulli yana da tushe har a doka, gama Koriya ta Kudu ta ware ƙasashe bakwai waɗanda ta ɗauka su ne ma'abota harshen, wato Amurka, Birtaniya, Kanada, Ailan, Ostareliya, Niyuzilan da Afirka ta Kudu, alhali Nijeriya, wadda da Turanci take shari'a da mulki, ba ta ciki.

Malamanmu na zaure sun san cewa Sibawaihi, limamin nahawun Larabci, Bafarishe ne, kuma Larabawa ba su ƙi littafinsa saboda nasabarsa ba. Haka kuma, tun 1987 gwamnatinmu take tura malamanmu ƙasashen Afirka da Karibiyan, suna koyarwa cikin mutunci.

Ina roƙonka, don Allah, ka sa jakadunmu su tayar da wannan magana, a auna malami da jarrabawa da shahadarsa. Wassalam.

Naka,
Wani malamin Turanci, Rogo